Sunan da Na Amsa a Fako

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haƙar fako da sunan mijina, kuma har yau ban huce ba. Kada kowa ya ba ni haƙuri. An ba ni shi a Tawa, an ba ni a ƙauye, kowa ya miƙo mini ya juya ya ci gaba da abin da ke gabansa. Abin da nake so shi ne in rubuta yadda abin ya tafi, tun da yanzu na iya riƙe alƙalamin bik, ko da yake hannuna yana saurin gajiya.

Ƙauyenmu yana arewa da Takanamat, a gindin wani tudu mai jan dutse. Bisa tudun fako ne, ƙasar da ta daskare kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama in ya sauka ba ya shiga, sai ya kwaso gudu ya faɗo mana cikin gonaki ya yayyanka su. Tsofaffi suna cewa da can akwai itace a wurin har kura tana ɓuya. Ni dai tun da anka kawo ni garin ban ga ko ciyawar da akuya za ta tsaya dominta ba.

Wata shekara da damina ta ƙi, sai ga proje. Mutane ne cikin farar mota, da wani mai takarda. Sunka ce za a gyara fako, duk gidan da ya haƙa za a ba shi abin sawa a tukunya. Sunka zauna gindin dogon yaro a ƙofar mai gari, anka yi shela a zo a rubuta. Lokacin rani ne, kuma a Adar kowa ya san rani ba ya iske namiji mai ƙarfi a gida. Da an ɗaure hatsi an sa a rumbu sai tafiya biɗa, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Mai gidana yana Abijan yana tura amalanke a kasuwa. Layin da ya tsaya gaban mai takarda duk mata ne, sai tsofaffi biyu ko uku da sanduna.

Bai tambayi kowa sunanta ba. Tambayarsa ɗaya ce: gidan wa? Mu kuwa an raine mu a kan cewa mace ba ta kama sunan mijinta. Sai ki sunkuyar da kai ki ja bakin mayafi, mai gari da ke zaune a gefe ya faɗa a madadinki. Haka anka yi da ni. Mai gari ya faɗa, mai takarda ya rubuta, ya kama babban yatsana ya danna a tawada ya danna a takarda. Na koma gida ina murna, har na yi wa yara waƙa.

Kowace safiya bisa tudu, kafin a ɗaga diga, ana kiran suna. Puwantaj suke ce masa. Mai takarda ya hau dutse ya kira sunan namiji, muryar mace ta amsa. Ya kira wani, wata ta amsa. Ranar farko dariya ta hana mu tsayuwa, don wasu sunayen tun da anka ɗaura mana aure ba mu taɓa jin an kwaɗa su a fili haka ba, kuma ga shi mu ake kallo. Wata ta ce ashe mazanmu waliyyai ne, suna ɗaukar kaya a bakin teku suna haƙa a Adar. Akwai maƙwabciyata, ta girme ni da kaɗan, mijinta ya rasu shekara uku kafin proje ya zo, amma da sunansa anka san gidan, da shi anka rubuta. Kullum in an kira marigayi sai ta ce, "Yana nan, Allah shi jiƙanai." Bayan wata guda babu mai dariya. Ki ji sunan, ki amsa, ki ɗauki diga.

Rabin wata muke haƙawa. Rami ne mai siffar jinjirin wata, faɗinsa kamar taku huɗu. Ƙasar da kika fidda ki tara ta a bayansa ta zama ganuwa, bakinsa kuma a buɗe yana kallon inda ruwa ke gangarowa. In ruwa ya zo sai ya shiga ya kwanta, ya rasa hanyar wucewa, ya nitse. A ciki ake dasa ɗakwara ko bagaruwa, a watsa irin ciyawa. Uku ake so a yini. Ƙasar tsakuwa ce da ta haɗe da jan laka, diga in ta sauka sai ta yi tsalle ki ji ta har cikin haƙora. Muna hawa da sanyin safiya da ƴar fura a gora, mu sauko rana tsaka, ga daka ga ɗiban ruwa suna jira. Na haƙa da ciki, na haƙa da goyo. Fatar tafina ta fashe ta warke ta sake fashewa, har ta gaji ta daina.

Wanda ke nuna inda za a haƙa shi ake kira mai shaci. Shi ba ya haƙa. Yana da igiya da sanduna biyu da wani dogon tiyo mai ruwa a ciki, wanda ke gwada masa inda ƙasa ta hau da inda ta sauka. Ya zana, mu bi. In ya zana daidai wahalarmu ta zama itace, in ya karkace mun fasa baya a banza.

A damina ta biyu, washegarin ruwan farko, na hau tudu ni kaɗai, ina so in ga abin da ya cinye mini ƙarfi. Wasu ramukan cike suke har baki. Wasu a bushe, ruwa ya bi ta gefensu ya wuce bai ko leƙa ba. Na tsuguna na duba. Ashe ruwa in ya wuce yana barin sawu. Kashin awaki da tsinke da ƙananan tsakuwa sukan jeru su yi layi inda ya tsaya, inda ya yi gudu kuma ƙasa takan yi sumul. Daga ranar nan duk ruwan da anka yi sai na hau. Shekarar da ta biyo na ce wa mai shaci wani layi da ya ja ruwa ba ya bi ta nan. Ya ce tiyo ba ya ƙarya. Na ce ban ce yana yi ba, amma tiyo bai taɓa yin damina a garin nan ba. Munka haƙa yadda ya ce. Layin nan har yau babu ko ƙaya a cikinsa.

Masu shaci suna canjawa, shekara ɗaya ko biyu a kawo wani. Ƴaƴan mutane ne, an turo su daga nesa, rana tana cin su, ban riƙe su da komai ba. Kowanensu in zai tafi sai ya gaya wa na bayansa ya nemi matar gidan wane. Tun daga shekara ta biyar igiya a hannuna take. Su zauna inuwar mota su cika takardu, ni in shata wa mata layi, in na gama in ɗauki digata in haƙa ukuna kamar kowa. Yau in kin hau tudun nan sai kin kare fuska da hannu saboda ƙaya. Makiyaya suna ratsowa daga arewa don ciyawarsa, har rigima ake yi a kanta.

Karatu kuwa na same shi da furfura a kaina. An buɗe ajin manya a rumfar kara bayan masallaci, wata madan ƴar Kalfu tana koya mana bayan azahar. Rani uku na yi. Allin da na karya ba shi da iyaka, hannun da ya saba da diga bai san lallashi ba. Da na ji na iya haɗa baƙaƙe, a shekarar ƙarshe ta proje, na ce wa mai puwantaj ya ba ni takardar in gani. Ya miƙo yana murmushi. Na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, mata suna tsaye cikin rana suna cewa in yi sauri, na sake bi. Na san ba sunana ake kira ba, ina da kunne. Amma duk shekarun nan ina zaton akwai wani gefe a takardar, wani ɗan lungu, inda ake rubuta wadda ta haƙa. Babu. Sunan namiji ne, sai tabon yatsa a gabansa. Na mayar masa, na ce na gode, na ɗauki igiya. Ban yi faɗa ba ranar nan, da wa zan yi? Da damina ta faɗi proje ya ƙare, motoci sunka daina zuwa.

Rani biyu munka zauna ba aiki. A tsakanin nan mai gidana ya daina zuwa biɗa, gwiwa ta hana shi. Ya dawo da ledar tufafi da ƴar rediyo. Rumbunmu kuwa ba ya kai mu ga sabon hatsi, tun kafin ruwa ya faɗi ake jin ƙasansa. A rediyon nan na ji sanarwa: wani sabon proje zai gyara fako a ƙauyuka da yawa, yana neman masu shaci daga cikin mutanen ƙasa, aikin wata-wata ba na yini ba. Ba a neman takardar lakkwal, wato makarantar boko, in dai mutum yana karatu da rubutu da Hausa. An ce mata su fito. Abu ɗaya ne dole, takardar shaida cewa ka taɓa yin aikin.

Madan ta zo har gida ta ce in ban nema ba kada in sake gaishe ta. Ita ta tsaya a kaina na rubuta wasiƙar neman aiki, sau huɗu ina sakewa. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa ina da su. Saura shaida. Ta ce wannan ai mai sauƙi ce, in je Tawa biron tsohon proje, wato ofishinsu, shekara goma sha ɗaya ba ta ɓacewa.

Na shiga motar kasuwa na sauka gidan ƙanwata, tana sayar da shinkafa da wake kusa da tasha. Da safe ɗan kabu-kabu ya kai ni inda anka kwatanta mini. Biron ya zama shagon fitilu masu aiki da hasken rana. Mai shagon bai san komai ba, amma mai shayin da ke ƙofar ya san komai. Ya ce sakataren da ke riƙe da takardu yana nan garin, ya koma wani biro can bayan kasuwar dabbobi, kwalayen takardun ma sun bi shi don an rasa inda za a kai su.

Kwana uku na yi a bencin biron nan. Ranar farko ya tafi taro. Rana ta biyu yana nan, amma mabuɗin ɗakin kwalaye yana aljihun wani da ya tafi jana'iza. A bango an lilliƙa takardun neman ma'aikata, duk da Faransanci. Wata budurwa da ke jira kusa da ni ta karanta mini: masu kula da wurin rainon itace, masu gyaran famfon hasken rana, masu koya wa mata murhun da ba ya cin itace da yawa. Ta ce muhalli ta karanta a jami'a, shekara biyu ke nan tana yawo da ambulan, ko'ina sai a ce mata sai wadda ta taɓa aiki. Ta tambaye ni rabin wata nawa mutum ke haƙawa a yini, wai an taɓa yi musu tambayar a jarrabawa. Na gaya mata. Na buɗe mata tafina, ta taɓa da yatsa ɗaya ta janye. Munka raba gyaɗar da ke bakin zanena. Ita ma ta gaji, takalminta ya cinye ta gefe ɗaya, ban ga abin hassada a wurinta ba.

Rana ta uku sakatare ya kira ni. Dattijo ne mai gilashi, ana ce masa mushe, wato malam da Faransanci, mutumin yamma, Hausarsa tana ɗingishi amma yana da kirki. Ya sa anka fiddo kwalaye, gara ta ci gefen wasu. Ya nemo ƙauyenmu shekara-shekara ya jera bisa tebur. Ya tambayi sunana na faɗa, ya duba bai gani ba. Na ce ba zai gani ba, gidan zai duba. Ya ce wane gida. Na ja bakin mayafi. Ga ni da furfura, na zo Tawa ni kaɗai, na goge benci kwana uku, amma bakina ya ƙi. Sai na jawo takardar na ɗora yatsa bisa sunan.

Ya bi shi shekara bayan shekara yana gyaɗa kai. Ya ce wannan mutum namijin duniya ne, duk tsawon nan fashinsa ɗaya tak, kwana arba'in a shekara ta huɗu.

Na ce, "Wankan jego ya yi, mushe."

Ya cire gilashi ya yi dariya har da tari, sannan ya daina, don ya ga ni ba dariya nake ba. Ya ce ya yarda da ni, ya sha zuwa wuraren nan, ya san masu riƙe da diga. Amma shi ba ya iya shaidar abin da idonsa ya gani, sai abin da takarda ta ce, don in an zo bincike takarda za a tambaya. Na ce to ga yatsa, duk tabon nan nawa ne, ya gwada. Ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, amma ya turo mini tawada, ina jin don ya rabu da ni. Na danna a farar takarda. Dunƙulen baƙi ya fito, ba zane ko ɗaya. Na sake, haka. Munka koma ga takardun da ke bisa tebur. Na shekarar farko yana da layukansa siri-siri kamar na kowa, na tsakiya sun fara dushewa, na ƙarshe irin wanda na danna yanzu ne. Ƙotar diga ta shafe shi sannu a hankali ban lura ba.

Na ce to ya gani, iri ɗaya ne. Ya bi shafin da bayan bik daga sama har ƙasa. Rabin matan ƙauyenmu irin dunƙulen nan gare su.

Ya zauna gaban ordinata, kwamfutar nan, ya buga takarda, ya sa hannu, ya buga hatimi. Kyakkyawa ce, mai kauri. Ya ce abin da zai iya ke nan: shaida da sunan mai gidana, cewa ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin gyaran ƙasa, ya ƙware, ba a taɓa samunsa da laifi ba. Ya ce in yi haƙuri. Na karɓa. Har yanzu ina tambayar kaina abin da ya sa na karɓa. Ina jin kwana ukun nan ne, ban iya fita hannu wofi ba.

Washegari na kai takarduna biron sabon proje haka nan. Wata yarinya ke karɓa, mai fara'a, ta kira ni tanti, wato inna, ta ba ni kujera da ruwan sanyi. Ta jera su ta ga suna biyu. Na ba ta labarin a gajarce don na gaji da ba da shi. Ta ce ba za a karɓa ba. Sannan ta sassauta murya ta ba ni shawara: a sake wasiƙa da sunan mai gida, shi ke da shaida, da wuya a samu mai shekarunsa a aikin, za a ɗauke shi. Ya riƙa zuwa yana tsayawa, ni in yi shacin. Ta ce ana yi, kowa ya sani, ai gida ɗaya ne. Ta ce sai Juma'a ta sama ake rufewa, ina da lokaci. Don Allah take faɗa, na gani a idonta, shi ya sa na rasa wanda zan zaga.

Ƙanwata ma abin da ta ce ke nan, tana zuba wa mutane abinci ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Yaya, ɗiyanki suna za su ci? Ke da kinka yi shekara sha ɗaya kina amsa sunanai, mi ya rage?" Na taya ta wanke kwanuka.

A mota ina komawa, an cusa mu da buhunan albasa da raguna, na yarda da maganar yarinyar biro da ƙanwata. Na ce da kaina girman kai ne, mace mai jikoki tana faɗa a kan baƙaƙe biyar ko shida. Bayana yana ciwo, ƙafafuna sun kumbura, abin da nake so kawai in kwanta bisa tabarmata a daina tambayata komai.

Na iso da la'asar na iske mai gidana a rumfa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo yana tufkar igiya. Na ba shi takardar na gaya masa abin da ke ciki. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ni ma'aikaci na ban sani ba." Amma sai da ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ta gefe-gefe ya riƙe ta. Ya ce in nuna masa inda sunansa yake. Na nuna. Ya daɗe yana kallo. Mutumin nan ya fi shekara ashirin yana tura kayan mutane a ƙasar mutane, ya bar gwiwarsa a can, babu wanda ya taɓa ba shi takarda mai hatimi da ta ce ya yi wani abu a duniya. Na ga haka a fuskarsa, na kau da kai.

Da na gaya masa shawarar yarinyar biro, ya ce ai ta yi hankali. Zai sa rigarsa ta Juma'a ya tsaya inda anka ce, abin da anka ba shi kuma zai miƙo mini bai buɗe ba. Na san da gaske yake, ba macuci ba ne. Na tambaye shi bakin rabin wata ina yake kallo. Ya yi ɗan tunani ya ce gabas mana, kamar kowane abu mai albarka. Na ce tudu yake kallo, inda ruwa ke fitowa.

Ya ce, "To sai ki riƙa hwaɗa mini kullum da sahe."

Wannan kullum da safen ita ta tsaya mini a wuya. Na ji an hau dutse an kira suna, na ga kaina tsaye a baya da igiya. In wannan proje ya ƙare za a ƙara masa shekaru a takarda, na gaba ya zo a ce shi ne babban mai shaci na ƙasar, ni kuwa lokacin ko igiyar ba na iya ja.

Na ce masa ba haka za a yi ba. Zan haɗa takardarsa da tawa in kai, amma ina so ya danna mini yatsa a wata, wadda za ta ce shekarun nan yana Abijan, ni ke bisa tudu. Ya ajiye igiyar da yake tufka. Ya ce mutane za su yi da shi, namiji ya sa hannu cewa matarsa ta ci da gida. Na ce mutane sun sani, da idonsu anka yi. Ya ce sani daban, rubutu daban.

Na ce, "Ni ma abin da anka hwaɗa mini a Tawa ke nan."

Anka kira magariba. Ya dafa ginshiƙin rumfa ya tashi alwala, bai ce e ba bai ce a'a ba. Takardar dai ya bar ta bisa tabarma, ya danne ta da rediyo kada iska ta ɗauke.

Da na idar da sallar asuba na jira gari ya yi haske, na fiddo littafina na ajin manya na ciro takardar tsakiya. Na rubuta cewa mu matan da munka haƙa fakon garin nan mun shaida sunan da ke cikin takardar proje wannan mata ce ta amsa shi shekara goma sha ɗaya, ita ta haƙa, ita ta shata. Dole in rubuta sunan mai gidana. Na rufe baki na rubuta, hannu bai ƙi ba. Na rubuta nawa a ƙasansa. Layin farko na bar masa fili daidai yatsa, ko ya zo ko bai zo ba. Ban san ko biro zai kalli irin wannan takarda ba, wataƙila a sake kirana tanti a ba ni ruwan sanyi. Na kankaro baƙin tukunya a murfin kwalba, na ɗiga man gyaɗa na dama da tsinke, na yafa mayafi.

Gidan maƙwabciyata na fara, mai amsa sunan marigayi. Na iske ta tana surfe. Na karanta mata, ta saurara taɓarya a hannu. Ta ce yatsunmu ai duk sun shafe, wa zai bambance nata da na wata? Na ce shi ya sa zan rubuta sunan kowa a gaban nata. Ta goge yatsa a zane ta miƙo. Na ɗora bik sai na tsaya. Shekara goma sha ɗaya raminta yana kusa da nawa, gora ɗaya muke sha, amma da sunan ɗanta nake kiranta, mai takarda kuma da na mijinta.

Na ce, "Mi sunanki na yanka?"

Ta jingine taɓarya ta dube ni. Ta ce rabon da a kira ta da shi tun uwarta tana da rai. Ta faɗa a hankali, kamar tana tsoron ta yi kure. Na rubuta baƙi-baƙi na karanta mata, ta ce haka ne, ta danna. Na hura takardar ta bushe, na ɗauki murfin kwalbata na nufi gida na gaba.